A Haɗu a Gindin Tanki

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Kilomita biyar, ƙafafu kamar an ɗaura musu bulo. Wannan littafi na saye shi ne don rubuta nisa da lokaci, amma yau su kaɗai ba su ishe ni ba.

Yaya yana asibiti tun ranar Talata. A wurin gudun safe ya faɗi, har yanzu bai buɗe ido ba. Shekara tara muna fita tare kullum in ban da Lahadi, yau ne karo na farko da na ɗaura takalmi babu shi a ƙofar gida yana ƙwanƙwasa agogonsa yana ce mini malalaci. Ban bi hanyar tankin ruwa da muka saba bi ba. Filin makarantar bayan gidanmu na shiga na yi ta zagayawa kamar akuya a turke, har mai gadi ya gaji da kallona ya koma ɗakinsa.

Ranar da muka kai shi, likita ya tambaye ni yadda aka yi. Na faɗa masa abin da na faɗa. Yanzu kowa ya ɗauka haka abin yake.

Juma'a, bayan la'asar

Ɗakin da aka kwantar da shi mutum ɗaya ake bari ya shiga, shi ma minti goma. Sauranmu muna kan bencin baranda muna kallon takalman nas-nas. Anti, matar Yaya, kwananta uku a kan bencin nan. Duk wanda ya zo dubiya sai ta nuna ni ta ce, "Allah ne ya sa Auta yana gefensa, da ban san inda zan sa kaina ba." Yau na ƙirga, sau bakwai ta faɗa.

Tun ina ɗan shekara goma sha tara ta shigo gidanmu, kuma ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da mun tsokani juna ba. Ita ta sa mini suna Ƙafar Sauro. Yau ma ta gwada, ta ce in ci burodin da aka kawo kada iska ta kayar da ni a koma neman gado na biyu. Na yi dariya don kada maganarta ta faɗi ƙasa. Burodin na cusa a aljihu, yana nan har yanzu.

Asabar, safe

Ban fita ba.

Lahadi, azahar

Wani mai dogon baki ya gaya wa Inna an gan ni ina gudu ranar Juma'a. Ta sa aka kira ni ɗakinta, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce tun farko ta faɗa ba a ji ba: magidanci mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu ya riƙa fita da gajeren wando yana tsere ba wanda ya biyo shi. Ta ce ga ɗaya kwance ba a san gobensa ba, ɗayan kuma ko kunya babu, ya koma.

Na so in tuna mata likita ne ya sa Yaya, lokacin da hawan jini ya fara damunsa, shi kuma ya ja ni don kada ya riƙa fita shi kaɗai. Shi da bakinsa yake cewa in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Amma wa zai yi gardama da uwar da ɗanta ke kwance? Na sunkuyar da kai na sha faɗa har ta gaji. Gaskiya ma faɗan Inna ya fi mini sauƙin ji a kan godiyar Anti.

Litinin, ƙarfe bakwai saura na safe

Na fita duk da haka, ta ƙofar baya kamar ɓarawo. Kilomita bakwai. A biyun farko kaina surutu yake, ya kawo wannan ya kawo wancan. Daga na huɗu sai haki ya rufe komai, ba na jin komai sai numfashina da ƙarar takalmi. Wannan shirun nake fita nema, ba lafiyar jiki ba. Matsalar ita ce ina kwance igiyar takalmi yake ƙarewa.

Litinin, yamma

Shekara goma sha shida ina kan injin yankan takarda a maɗaba'a, ban taɓa yin abin da na yi yau ba. Katin gayyata ɗari shida, na manta ban gyara ma'auni ba, na sauke wuƙa ta kwashe layin ƙasa gaba ɗaya, har da rana da wurin taro. Oga ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya dube ni, ya ce in je gida in huta, ya san halin da nake ciki. Da zagina ya yi da ya fi.

Ban tafi gida ba. Na zauna a bayan shago kan tarin kwalaye ina danna agogon gudu, sai ga na ranar Talata ya fito. Kilomita goma, minti arba'in da tara da daƙiƙa goma sha biyu, har da ɗan hoton kofi, wai na kafa sabon tarihi. Wata takwas ina fafutukar in sauka ƙasa da minti hamsin. Yaya kuwa a kilomita na uku ya faɗi. Duk wanda ya iya lissafi ya lissafa.

Na danna in goge. Agogon ya tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba, yana nan.

Talata, safe

Mako guda.

Dokar ta Yaya ce, ba tawa ba, ina so a rubuta wannan ko da ni kaɗai zan karanta. Shekara biyun farko shi ke gaba ina binsa ina haki. Da na fara wuce shi sai in riƙa rage sauri ina waiwayensa, shi kuma abin na ƙona masa rai. Wata rana ya tsaya cak a tsakiyar titi ya ce shi ba majinyaci ba ne da za a riƙa yi masa rakiya. Ya ce waiwaye adon tafiya ne, ba adon gudu ba. Daga ranar: ba a jiran kowa a hanya, mai ƙafa ya yi gaba, a haɗu a gindin tankin ruwa. In ya gaji yakan yanke ta gajeriyar hanya daga kwalbati, in na iso in tarar da shi zaune yana karkaɗa ƙafa yana tambayata ina na tsaya.

Ranar da abin ya faru, tun a ƙofar gida ya ce kansa na sarawa. Na ce tsufa ne, ya ce ubana ne tsoho. Muka yi dariya, ubanmu ɗaya. Da muka kai kwalbati na ji takunsa ya canja a bayana. Ya ce, "Je ka, Auta." Na duba agogo na ga ƙafata ta yi kyau, irin safiyar da ba ta zuwa sau biyu a shekara.

A nan zan tsaya yau.

Laraba, la'asar

Ya motsa yatsun hannun hagu. Anti ta riƙe hannun rigata tana kuka, ta ce in gaya masa muna nan, ya fi jin muryata.

Alhamis, hantsi

Na fita da niyyar kilomita shida, na yi goma sha bakwai. Ban ɗauki ruwa ba. Daga na goma sha biyu gwiwar dama ta fara suka, na ce mata ta soka. A bayan tashar mota na durƙusa na yi amai, wani direba ya miƙo mini ruwa yana tambaya ko 'yan sanda ne suka biyo ni. Da ɗingishi na iso gida, farcen babban yatsa ya yi baƙi ƙirin.

'Yan biyuna suna neman takalmin makaranta, ɗayar ta tambaye ni ko Baba Babba zai sake kawo musu balan-balan. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, yarinya 'yar shekara bakwai. Matata ta kai su bakin titi ta dawo ta tsaya a kaina ina jiƙa ƙafa a bokiti. Ta ce ta daɗe da mai gudu a gida, ta san gudu, wannan da nake yi yanzu ba shi ba ne, duka nake yi wa kaina. Ta tambaye ni me na yi. Ba me ya same ni ba, me na yi. Na ce ruwan ya huce, ta ƙaro mai zafi.

Asabar, azahar

Na tare likita a bakin matakala yana sauri. Na ce tambaya ce kawai, ta wani abokina: in irin wannan ta sami mutum, aka kawo shi nan take, da in aka ɗauki kamar awa ɗaya, akwai bambanci? Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya ce littafinsa ya ɓata. Ya ce wani lokaci akwai, wani lokaci babu, ba wanda zai iya rantsuwa. Na ce to a na Yaya fa? Ya ce, "Ai shi nan take aka kawo shi, ko ba haka ka ce ba?" Na ce haka ne. Ya wuce.

Da ma cewa ya yi babu. Ko ya ce akwai, in san inda na tsaya.

Lahadi, la'asar

Ya buɗe ido.

Na shiga minti gomana. Ya rame, gemun da yake gyarawa duk bayan kwana biyu ya yi buzu-buzu, baki ya karkace. Ɓangaren dama ba ya motsi ko kaɗan. Na ce Yaya, ni ne. Ya dube ni ya daɗe, ya buɗe baki, wani sauti ya fito wanda ba magana ba. Ya sake gwadawa, goshinsa ya tattare irin yadda yake yi in mota ta ƙi tashi. Ban san ko gaishe ni yake ba ko tambayata yake.

A waje nas ta ce wa Anti kada ta sa rai da yawa, mai yiwuwa maganar ba za ta dawo ba. Allah ya yafe mini. Abin da ya fara sauka a zuciyata sauƙi ne. Daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, amma na ji shi, kuma na san me ya kawo shi. Ɗan'uwana da ya goya ni, ya kai ni makaranta a kan kekensa, ya tsaya mini a neman aure. Na shiga banɗakin asibiti na kulle ƙofa na zauna har wani ya fara bugawa.

Litinin, safe

Ban fita ba.

Talata, safe

Ban fita ba. In an tambaya, gwiwa ce.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Yau na bi hanyar tanki. Ban yi shawara da kaina ba, ƙafa ce ta juya.

Kafin in kai kwalbati na hango mai shara, dattijuwar nan da muke wucewa kullum, wadda Yaya ke ce wa ta bar masa ƙura kaɗan ya haɗiya. Ita na tarar ranar tana yi masa fifita da kwali. Na so in tsallaka ɗaya ɓangaren, ta riga ta ɗaga tsintsiya. Ta tambayi jikinsa, na ce da sauƙi. Ta ɗauko hularsa daga cikin buhunta, a naɗe cikin leda, ta ce kullum tana zuwa da ita ko za ta gan ni.

Da na karɓa na tafi da shi ke nan. Amma sai na tsaya, ita kuma ta ci gaba. Ta ce ai ba faɗuwa ya yi nan take ba. Zama ya yi ya jingina da katangar nan, yana riƙe da kansa, kuma yana magana sarai. Mai kantin tayoyi ya fito da motarsa ya buɗe ƙofa, mutum uku suka zo za su ɗaga shi, ya ture su.

Ta ce, "Ya ce kada mu kai shi ko'ina. Ya ce ƙanena yana gaba, in bai gan ni a tanki ba zai dawo da gudu, kada ya zo bai same ni ba hankalinsa ya tashi. Muka yi ta lallashi, ya ƙi. Babban mutum ne, ɗana, ba a ɗaukar babban mutum da ƙarfi. Sai da bakinsa ya fara karkacewa, sannan ka iso."

Ba zargina take ba, labari kawai take ba ni, har tana yaba yadda muke son juna.

To bari in ƙarasa abin da na bari ranar Talata. Na iso tanki ban gan shi ba. Shekara bakwai bai taɓa yanke hanya na riga shi zuwa ba, ya kamata in gane. Sai na ce ya tsaya surutu ne. Na miƙe ƙafafu a jikin ƙarfen tanki, na sayi ruwa, na ɗauki hoton agogo. Minti goma ko fiye. Sannan na kama gajeriyar hanya, da tafiya, ba da gudu ba, ina shirya yadda zan nuna masa agogon in ce tsoho, ga abin da ba za ka taɓa yi ba. A asibiti da likita ya tambaya, Anti tana tsaye ba ko mayafi, sai na ji bakina ya ce muna tare, yanzun nan ya faɗi.

Laraba, la'asar

Na je har ƙofar asibiti na juyo.

Alhamis, bayan magariba

Na gaya wa matata. Tana tsince shinkafa, hannunta ya tsaya a cikin faranti har na gama. Ba ta ce ba laifinka ba ne, na gode mata da hakan. Ta ce ta ji, kuma tana nan inda take, amma ba ita ce mai haƙƙin jin wannan magana ba. Na ce in na faɗa me zai gyara? Zai tashi ne? Ta ce ba zai tashi ba, amma matar nan kullum tana gode mini, ni kuma kullum ina karɓa.

Na ce ba ta san Anti ba ne. Ta ce ta san ni.

Juma'a, yamma

Na same ta a bayan ɗakin wanki na asibiti tana shanya tawul ɗinsa. Ta ce Ƙafar Sauro, kwana biyu ina ka shiga, ko ka samo wata yayar ce? Na ce Anti, zauna, ina da magana. Ta ce in faɗa, hannunta ne ke aiki ba kunnenta ba.

Na faɗa, tun daga ƙofar gida har motar mai tayoyi. Ban rage ruwan da na saya ba, ban rage hoton ba. Na yi zaton zan yi kuka, ban yi ba, muryata ta fito kamar ina karanta takardar oda a shago. Ita kuma ta ci gaba da shanya, ta matse wannan ta yarfa ta rataya, har bokitin ya ƙare. Sannan ta juyo.

Ta ce, "Da ka kai tankin, ka sami abin da kake nema?"

Na ce na samu.

Ta ce, "To."

Ta ɗauki bokiti ta wuce ni. Na tsaya a tsakanin tawul-tawul suna ɗiga a kan takalmina, har mai wanki ya zo ya ce in matsa zai ja igiya.

Asabar, la'asar

Baƙi uku suka zo dubiya, ba ta nuna ni ga kowa ba. Da za ta aike ni kantin magani sai ta ce wa babbar 'yarta, "Ba wa baban 'yan biyu takardar nan." Shekara ashirin da biyar ban taɓa jin wannan suna a bakinta ba.

Na yi zaton in na faɗa zan ji an sauke mini kaya. Ƙarya ne. Kayan yana nan, sai dai yanzu akwai wanda yake ganinsa a kaina.

Lahadi, safe

Sassarfa kilomita uku, gwiwa ta yarda da ƙyar. Ba shiru, ba komai. Na dawo na ci abinci dai.

Litinin, azahar

Likita ya ce ranar Laraba za a sallame shi, abin da ya rage aikin gida ne da gashin ƙashi. Bai ce zai yi tafiya ba, bai ce ba zai yi ba. Sai an riƙa ɗaga shi ana juya shi, ana yi masa wanka, ana zaunar da shi a kujera. Yaya mutum ne mai jiki ko da ya rame, 'ya'yansa kuma duk mata ne.

Da likita ya tafi Anti ta ce in biyo ta ƙarshen baranda. Ba ta dube ni ba, tagar take kallo. Ta ce abu biyu ne. Na farko, kullum ƙarfe shida na safe in kasance a gidan, ni zan ɗaga shi in yi masa wanka, ita ba ta iyawa. Na ce ko ba ta faɗa ba. Ta ce ba ta gama ba.

"Na biyu, Inna ba za ta ji wannan magana daga bakina ba, kuma ba za ta ji daga naka ba. Ɗa ɗaya ya isa ta rasa a shekara guda. Ka sauke wa kanka a kaina, ya isa haka, kada ka je ka sauke a kan tsohuwa."

Na ce Anti, ki yafe mini. Ta ce kada in tambaye ta abin da ba ta da shi yanzu, in ta samu za ta ba ni, in ba ta samu ba kada in ce ta yi alkawari.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Daga gidana zuwa nasa kilomita huɗu ne da 'yan kai. Da ƙafa na je, da jakar kayan aiki a baya, agogon na bar shi a aljihun tebur. Shi ke nan gudun da ya rage mini.

An mai da falo ɗakinsa don ba matakala. Ban san haka mutum yake da nauyi ba in rabinsa ba ya taimakonka. Na sa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa, kansa ya faɗo a kafaɗata, miyau ya jiƙa mini wuya. Da na cire masa riga ya rufe ido bai buɗe ba har na gama, mutumin da ko zazzaɓi ba ya yarda a gani a jikinsa. Na aske masa gemu, na yanke shi kaɗan a haɓa. Ina shafa masa mai na ce, Yaya, ranar nan na daɗe ban dawo ba. Idonsa yana kan fanka. Hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya, amma nas ta riga ta ce idon nan yana zubar da ruwa haka kawai. Ban san ko ya ji ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Anti ta ajiye mini shayi a kan tebur. Na sha a tsaye.

Juma'a, safe

Haka dai. Bayana ya fara ciwo.

Asabar, safe

Haka dai.

Lahadi, azahar

Yau aka kawo Inna ta ga ɗanta a gida, 'yan'uwa suka cika falo har baranda. Tun ranar da ta yi mini faɗa ba ta sake yi mini magana ba, ni ma ina kauce mata. Tana zaune a gefen gado tana shafa hannunsa da ba ya motsi, ni kuma na gama canja masa zanin gado zan fita da shi, sai ta ce in ajiye in zo.

Na durƙusa a gabanta. Ta ce an gaya mata kullum ni ke zuwa da sassafe, ni ke wanke shi. Ta ce ta yi mini faɗa cikin zafin rai, in yi haƙuri, uwa ce. Sannan ta ɗora hannunta a kaina a gaban kowa.

"Kai ne ba ka bar ɗan'uwanka a hanya ba, kuma ga shi ba ka bar shi a gida ba. Allah ya yi maka albarka, Auta. Yadda ka tsaya masa, Allah ya ba ka masu tsaya maka."

Falo ya ɗauki amin. Anti tana bakin ƙofar kicin da kwanon ruwan ɗumi a hannu, idonta a kaina, tana jira ta ga ko zan cika abin da muka yi. Yaya ma ni yake kallo. Hannun Inna yana kaina, ba ta ɗauke ba, ita ma amsata take jira.

Na ce amin.

Anti ta shigo ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ce lokacin juya shi ya yi. Na tashi na kama kafaɗarsa, ita ta kama ƙafafu.